Babi na Bakwai: Gwangwanaye Goma Sha Biyu a Jos

Ranar Laraba 6 ga Disamba 1989, BBC ta nuna kashin ƙarshe na zango na 26 na shirin Doctor Who. Tauraron shirin da yarinyar da ke masa rakiya suka ba kyamara baya suka kama hanya, aka ɗora muryarsa yana 'yan kalamai, kiɗa ya tashi, sunaye suka hau allo. Ba wanda ya fito ya ce wa 'yan kallo an gama. Tun 23 ga Nuwamba 1963 ake wannan shiri, wato kashegarin ranar da aka harbe Shugaba Kennedy na Amurka, kuma ko a 1985 da aka jingine shi wata 18, ƙarshenta ya dawo. Wannan karon shiru. Duk wanda ya rubuta wa BBC takarda yana neman ba'asi, amsa ɗaya yake samu: ba a soke shi ba, ana dai neman wani kamfani na waje da zai karɓi aikin. Da wannan amsa aka riƙe mutane shekara 15 da 'yan watanni.

Shirin na ƙagaggun labaran kimiyya ne, irin wanda Umaru Dembo ya ɗanɗana wa masu karatun Hausa a 1969 da littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani yaro ya ƙulla abota da baƙo daga sararin samaniya. Shi ma Dakta, kamar yadda ake kiran tauraron, baƙo ne daga wata duniya mai suna Gallifrey. Kamarsa ta mutane ce, amma zuciyarsa biyu. Abin hawansa ana ce masa TARDIS. Daga waje ɗan shuɗin akwati ne irin wanda 'yan sandan Ingila suke shiga su buga waya a zamanin da, daga ciki kuwa ɗakuna ne ba iyaka, kuma yana kai mutum jiya ko shekara dubu masu zuwa. Dabarar da ta ja ran shirin ta zo ne a 1966, lokacin da rashin lafiya ya ci ƙarfin William Hartnell, wanda ya fara fitowa a Dakta. Maimakon a rufe, sai marubuta suka ce ai Dakta in jikinsa ya gaji rikiɗa yake yi ya ɗauki sabuwar fuska. Hartnell ya faɗi ƙasa, Patrick Troughton ya tashi.

Mutumin Gandi, ko Wurno, ko Goronyo, a Jihar Sakkwato, zai iya tsufa bai ji sunan Doctor Who ba, amma ya san ciwon labarin da ya yanke a tsakiya. A waɗannan garuruwa fim mai dogon zango yakan iso ne ta shagon caji. Saurayi na zaune gaban kwamfuta, wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta a manne, janareto na ruri a waje. Ka miƙa waya ko memori, ka faɗi kashin da ka tsaya, a tura maka na gaba, kai kuma ka raba wa mutanen gida da abokai ta Xender. Labarina daren Juma'a, Izzar So ranar Lahadi. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, cikinsu har da Rabah da Wurno da Goronyo. Fim ba ya cikin manyan damuwar mutanen da ke barci da ido ɗaya, ballantana a Gandi da ta cika da 'yan gudun hijira tun harin Tabanni na 2018. Duk da haka sabon kashi ya koma sai wanda ya shiga birnin Sakkwato ya dawo da shi a waya, kafin nan kuwa kowa ya ƙarasa labarin da ka.

Haka aka yi a 2022 da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, aka bar Sumayya, matsayin da take fitowa a ciki, a rataye. Majalisa ta rabu: masu cewa marubuta za su kashe ta, da masu cewa za a yi sulhu ta dawo, har dai daraktan shirin, Aminu Saira, ya ba Fati Washa matsayin. Da Sumayya tana da irin baiwar Dakta, da Saira ya huta da dogon bayani. A watan Mayu 2025 kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 a rana ɗaya, har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata, a kan ba a kawo mata su ta duba kafin a sake su ba. Sai dai duk waɗannan tsaiko ne na makonni ko watanni. Na masoya Doctor Who ya kai wanda aka haifa ranar da aka rufe shirin ya isa shiga babbar sakandare.

Abin da ya kayar da shirin ba ɓoyayye ba ne. A shekarun 1970, zamanin Dakta Tom Baker mai dogon mayafin wuya, wanda mutane da yawa a Najeriya suka sani ta NTA, 'yan kallo sukan haura miliyan 10. Zuwa 1989 sun sauko wajen miliyan 4, don an ajiye shirin daidai lokacin da ITV ke nuna Coronation Street, wasan da ba a ja da shi a Ingila. Kuɗin da ake ba shi kaɗan ne, dodannin roba suna ta bayyana a roba, alhali yara sun riga sun ga Star Wars. Michael Grade, shugaban da ya jingine shi a 1985, bai taɓa ɓoye cewa ba ya ƙaunarsa ba.

Amma an rufe shi ne a daidai lokacin da ya fara farfaɗowa, kuma nan hasashe ya samu gindin zama. A zanguna biyu na ƙarshe, mai kula da rubutun shirin, Andrew Cartmel, da marubuta irin su Ben Aaronovitch da Marc Platt, sun riƙa sakin zance da harshen damo. Nan Dakta ya yi suɓul da baka kamar yana wurin lokacin da aka kafa daular Gallifrey, can wata mata ta yi barazanar tona asirinsa ba ta tona ba. Masoya suka sa kaset ɗin bidiyo a gaba, su mayar baya, su saurara, su sake mayarwa. A 'yan mujallun da suke bugawa da kuɗin aljihunsu suna aika wa juna ta gidan waya, suka haɗa waɗannan guntaye suka gina cikakken gini, har suka raɗa masa suna babban tsarin Cartmel. Suka yanke cewa da an yi zango na 27, da an bayyana cewa Dakta shi ne wani ɓoyayyen mutum na uku cikin waɗanda suka kafa daular. Shi Cartmel ya sha faɗa daga baya cewa babu wani tsari a rubuce, so kawai suke su mayar wa Dakta da kwarjinin wanda ba a san asalinsa ba. Wannan bai hana komai ba. A 1997 Marc Platt ya fitar da littafin Lungbarrow, wanda ya ba masu hasashen kusan abin da suke so, a 2011 kuma kamfanin Big Finish ya ɗauko labaran da aka fara tsarawa don zangon da ba a yi ba ya mai da su wasan sauti, da muryar Sylvester McCoy, Daktan da aka rufe shirin a hannunsa.

Ɗaya reshen hasashen shi ne yaushe za a dawo, kuma wa zai zama Dakta. Jaridun tsegumi na Landan sun naɗa mutane da dama, har David Hasselhoff na Amurka. An ce kamfanin Steven Spielberg zai karɓa, kuma da ƙamshin gaskiya a ciki, don an yi maganar, ta dai watse. An tsara fim na cika shekara 30 a 1993 aka fasa. A 1996 aka yi fim guda tare da tashar Fox, Paul McGann ya fito a Dakta, Amurkawa ba su kalla sosai ba, magana ta sake mutuwa. A tsakanin nan masoyan suka daina jira, suka kama rubutu. Kamfanin Virgin ya fara buga sababbin littattafan Dakta a 1991, kuma yana karɓar rubutu daga waɗanda ba a san su ba. Paul Cornell da Mark Gatiss da Russell T Davies duk sun rubuta a wannan jerin. Da BBC ta dawo da shirin ranar 26 ga Maris 2005, Davies ne shugaban marubuta, Cornell da Gatiss na cikin masu rubutawa, mutum sama da miliyan 10 suka kalli kashin farko.

Ba su kaɗai ke da irin wannan naci ba. Masoya Star Trek sun cika ofishin NBC da wasiƙu a 1968 har aka ƙara musu zango ɗaya. Da CBS ta soke Jericho a 2007, 'yan kallo suka tura mata gyaɗa wajen tan 20, ta sake shawara ta ƙara kashi bakwai. Na The OA ne abin dariya da tausayi. Zango na biyu ya ƙare ne da taurarin sun faɗa wata duniya inda su 'yan wasa ne a wurin ɗaukar fim, don haka da Netflix ta ce ta soke shirin a Agusta 2019, sai masoya da yawa suka ce ai sanarwar ma cikin labarin take. Ba cikinsa take ba.

Doctor Who yana da wani rauni na biyu wanda ya fi sokewar daɗewa, kuma shi ne ya biyo ta Arewa. A shekarun 1960 ana ɗaukar shirin ne a kan wani faffaɗan tef mai inci biyu, mai ɗan karen tsada. In an nuna shiri sai a goge a ɗora wani. Yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita maimaitawa, babu bidiyon gida da za a sayar, ga talabijin mai launi ya shigo, kowa na ganin hoton baƙi da fari ya gama amfani. Sashen kasuwanci na BBC yakan kwafi shirin a zaren fim mai faɗin milimita 16 don sayarwa ƙasashen waje, amma daga 1972 zuwa 1978 su ma aka riƙa kwashe su ana zubarwa don a samu wuri. Sai a 1978 aka tsayar, bayan BBC ta naɗa Sue Malden ta kula da abin da ya kamata a adana, wani masoyin shirin kuma, Ian Levine, ya tayar da jijiyar wuya. Cikin kashi 253 na shekara shida na farko, ya zuwa farkon Oktoba 2013 guda 106 babu su.

Hotonsu ne babu. Sautin kowane ɗaya yana nan, kuma ba BBC ce ta adana ba. Yara da samari ne a gidajensu, waɗanda duk ranar Asabar da yamma sukan jawo rikoda mai zare su kafa makirufo a bakin lasifikar talabijin, su roƙi mutanen gida a yi shiru na minti 25. A wasu naɗe-naɗen ana jin motsin gida a baya. Wani daga cikinsu ya gaji da haka, ya kwance bayan talabijin ya haɗa waya kai tsaye, nasa sautin ya fita tas har BBC ta dawo tana amfani da shi.

Fatan da ya rage shi ne kwafin da aka sayar waje. Ba kowace ƙasa ake buga wa nata ba. Kwafi ɗaya ne yake yawo kamar tukunyar biki: wannan gidan talabijin ya gama, ya ɗaure ya aika wa na gaba bisa umarnin Landan, daga Ostareliya zuwa Singafo, daga Hon Kon zuwa Zambiya. Wanda ya zo ƙarshe a layi, ko ya mayar wa BBC ko ya ƙone ya aika da takardar shaida. Najeriya tana cikin layin tun tsakiyar shekarun 1960, kuma ƙofar shigarsa ta farko Kaduna ce. Gidan talabijin na Kaduna kuwa aikin ɗan Rabah ne. A Rabah aka haifi Sir Ahmadu Bello a 1910, ya yi hakimcinta tun 1934, kuma gwamnatinsa ce ta haɗa hannu da kamfanonin EMI da Granada na Ingila aka buɗe gidan a 1962, shekara uku bayan na Ibadan. A lokacin hotonsa Kaduna da Zariya da Kano yake kaiwa. Mutanen ƙasar da Sardauna ya fito, daga Rabah har Gandi, majigi suka sani, motar da ke zuwa da dare ta kafa farin ƙyalle a fili ta nuna Baban Larai. Sai tsakiyar shekarun 1970 Sakkwato ta samu nata gidan talabijin.

A wannan tsakanin ne Jos ta samu nata. Gwamnatin Joseph Gomwalk ta Jihar Binuwai da Filato ta buɗe shi a 1974, kuma shi ya fara watsa hoto mai launi a Najeriya. Sabon gida yana buƙatar abin da zai cika sa'o'i, tsofaffin shirye-shiryen BBC kuwa da araha, sai aka sayi wasu labaran Troughton na 1967 da 1968. Aka nuna, aka mayar da zaren cikin gwangwanayensa, aka ɗora a kanta. Ba a mayar Landan ba, ba a ƙone ba. A 1977 aka haɗe gidajen talabijin na jihohi a ƙarƙashin NTA, ma'aikata suka zo suka wuce, gwangwanaye na nan. Zaren fim na wancan zamani zafi da laima ke kashe shi: ya fara warin tsami, ya yanƙwane, ya manne da juna. Jos tana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, da sanyinta. Da a Sakkwato aka ajiye su, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, da wuya a ce sun kai labari.

Masu farautar waɗannan gwangwanaye sun daɗe da sanin Najeriya. A tsakiyar shekarun 1980 an samo labarai uku na zamanin Hartnell a nan, cikinsu da The Time Meddler da The War Machines, waɗanda BBC ba ta da su cikakku. A 1992 wani labari sukutum, The Tomb of the Cybermen, ya dawo daga Hon Kon. Kowane irin wannan samu yakan haifi jita-jita goma. An ce akwai wasu a Saliyo yaƙi ya cinye su. An ce akwai a Zimbabuwe, Robert Mugabe ya hana a duba don haushin BBC. An ce wani attajiri yana da ɗaki guda ya kulle, shi kaɗai yake kallo.

Philip Morris, mutumin yankin Libaful wanda ya yi aikin haƙar mai a teku kafin ya kafa kamfanin ceto tsofaffin fina-finai, bai tsaya ga wasiƙa da waya ba. Ya ɗauki bayanan cinikin BBC, waɗanda masu bincike cikin masoyan suka yi shekaru suna tattarawa, ya riƙa bin gidajen talabijin na Afirka da ƙafarsa yana roƙon a buɗe masa sito. Bai cika magana ba, kuma shirun nasa ne ya hura wutar.

A 2013, shekarar da shirin ke cika 50, raɗe-raɗin suka kai maƙura. A watan Yuni aka fara yaɗa cewa an samo kashi 90. Wasu suka ce labarin Marco Polo na 1964 yana ciki. Wani ya tono takardar jirgin ruwa da ke nuna an yi wa Morris dakon tsofaffin fina-finai wajen tan uku daga Legas zuwa Libaful, aka yi ta yawo da ita ana lissafin gwangwani nawa ke cikin tan ɗaya. Ian Levine, wanda da farko ya ƙaryata, ya ga takardar ya sauya baki. Morris ya fitar da sanarwa mai zafi cewa kamfaninsa ba ya riƙe da ko kashi ɗaya, abin da ya ɓace an lalata shi ne, a bar maganar. Rabin masoyan suka yi zuciya, rabi suka ce ruwa ba ya tsami banza. Ranar 6 ga Oktoba wata jaridar Lahadi ta Landan ta buga cewa an gano duka 106 a gidan talabijin na Habasha.

Kwana huɗu bayan haka BBC ta tara 'yan jarida a Landan, tare da Frazer Hines da Deborah Watling, waɗanda suka yi wa Troughton rakiya a shirin suna matasa. Ba 106 ba ne, ba 90 ba, ba kuma Habasha ba. Gwangwani 11 ne daga Jos, tara daga ciki ba wanda ya gan su a Ingila tun shekara 45. Morris ya ce idonsa ne ya kai kan wani ɗan tef da aka manna a jikin gwangwani an rubuta sunan shirin, kuma a cewarsa daga Hon Kon suka biyo layi suka ƙare a Filato. Labari na farko, The Enemy of the World, ya cika kashi shida. A cikinsa Troughton ya fito mutum biyu, Dakta da wani azzalumi mai suna Salamander, kuma an ɗora labarin ne a shekarar 2018, wadda a lokacin rubuta shi take da nisan shekara 50. Masoya sun daɗe suna raina wannan labari, domin kashi na uku kaɗai suke da shi, shi ne kuma mafi sanyi a ciki. Da suka ga sauran sai ra'ayi ya juya. Na biyu, The Web of Fear, dodanni ne a ramin jirgin ƙasa na ƙarƙashin Landan. Da tsakar daren 11 ga wata aka sa su kasuwa a iTunes. A lokacin adadin da ya ɓace ya sauko 97.

Sai dai The Web of Fear kashi shida ne, biyar suka iso. Na uku babu, kuma shi ne wanda aka fi ƙwallafa rai a kai, don a cikinsa Nicholas Courtney ya fara fitowa a Kanar Lethbridge-Stewart, sojan da ya zama aminin Dakta na shekaru da dama. Da farko an bar mutane a kan cewa dama ba ya cikin kayan. A 2015, a wani taron masoya, Morris ya ce ba haka ba ne: gwangwani 12 ya gani a Jos, har ya ɗauki hotonsu, amma kafin a kammala maganar ɗauko su ɗaya ya yi ɓatan dabo, kuma yana zargin an sayar wa wani mai tara irin waɗannan kaya. BBC ta cike gurbin da hotuna marasa motsi da sautin da yaran nan suka naɗa a 1968, a 2021 kuma aka zana kashin da kwamfuta. Bayanan ciniki sun nuna akwai wasu labaran Troughton biyu da aka sayar wa Najeriya a wannan zubin, The Abominable Snowmen da The Wheel in Space, su ma har yau ana ta lissafin inda suka maƙale.

In aka auna hasashen 2013 da abin da ya tabbata, masu hasashen sun sha ƙasa: ƙasar ba daidai ba, adadin ba daidai ba, Marco Polo bai dawo ba. Akwai ma alamar surutun ya yi ɓarna, domin gwangwanin da ya shekara kusan 40 ba wanda ya kula shi ba zai tashi ya yi ƙafa ba sai wani ya ji yana da daraja. Amma sanarwar Morris ta watan Yuni ta koya musu darasin da ba zai goge ba. Mutumin da ya ce a bar maganar, ashe ya san da gwangwanayen Jos. Tun daga nan duk wanda ya ƙaryata jita-jita, ƙara mata ƙarfi yake yi. Kuma in za a yi adalci, waɗannan masu yawan surutun su ne suka san sunan kowane kashi, da ranar da aka nuna shi, da ƙasar da aka sayar wa, da lambar kwafin. Ba don wannan jerin ba, Morris ba shi da dalilin hawa tudun Jos.

Irin wannan jerin ne namu shirye-shiryen suka rasa. Gidan da ya adana wa Ingila Dakta, a nan aka yi Cock Crow at Dawn daga 1980, a garin kuma ɗan wasa Karkuzu ya yi suna. Kaduna ta yi Samanja Mazan Fama da Karambana, Kano ta yi Kuliya Manta Sabo, Sakkwato ta yi Idon Matambayi, wanda dattawan Wurno da Rabah da suka taɓa tsayawa gaban talabijin ɗin gidan wani mai hali suke tunawa. Tef a nan ma tsada gare shi, kuma an sha kokawa cewa an goge da yawa an ɗora wasu shirye-shirye a kai. Abin da ke yawo a YouTube yawanci guntaye ne daga kaset ɗin gida, hoto na rawa, sauti na shaƙewa. Ɗan wasa Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi, wato Samanja, a Nuwamba 2023. Mai son Samanja zai iya kwaikwayon yadda yake murɗa Hausa da Turancin bariki, amma ka tambaye shi kashi nawa aka yi, wanne ke nan, wanne ya ɓace, sai ya yi shiru. Ana kewar shirye-shiryen sosai. Ba a dai yi musu irin gardamar da ke sa mutum ya tashi ya je ya buɗe sito.

Inda aka buɗe, an samu. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, Umaru Ladan ya fito a Shehu, daga baya fim ɗin ya ɓace har aka ɗauka ya tafi ke nan. A 2016 aka gano zarensa cikin tarin gwangwanaye masu tsatsa na Hukumar Fina-finai ta Najeriya, bayan Didi Cheeka na ƙungiyar masu fim ta Legas ya shiga tsofaffin ɗakunan da sashen fim na Turawan mulki ya bari. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka haska shi a bikin fina-finai na Balin a Fabrairu 2018, da Hausarsa, shekara 42 bayan an yi shi. A 2019 Jami'ar Jos, tare da hukumar da Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ta buɗe digiri na biyu a kan adana fina-finai. Gwangwanayen da aka tarar tare da Shehu Umar ɗaruruwa ne, kuma shi an yi saurin gane shi ne saboda sunan da ke jikinsa kowane ɗan makarantar Arewa ya san shi.